Kalmar da Shu'aibu Bai Gyara Ba

Tun ranar da Balkissa ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce ta amince da Zubairu, kowa a gidan Alhaji Abdoulkarim ya warke. Inna Ramatou ta daina ɗaure kai da ɗankwali tana nishi a kan tabarma. Yaya Abdou, da ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta, ya dawo da tsokanarsa har da sayo mata kilishi. Alhaji kansa ya koma cin tuwonsa har ya nemi ƙari.

Ita kuwa ba za ta ce ga abin da take ji ba. Ba ciwo, ba daɗi. Tana ci, tana wanka, tana shiga motar haya ta faba-faba ta haye gada zuwa jami'a a Harobanda, ta dawo da yamma. In an yi dariya ta buɗe baki, in an ce tashi ta tashi. Zuciyarta ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ko an mintsine ta ba ta ji.

A faɗi gaskiya, ba wanda ya yi mata dole. Budurwa ce mai hankalinta, tana shekara ta uku a sashen Ingilishi, kuma gidansu ba gidan duka ba ne. Abin da Alhaji ya faɗa kawai shi ne, Shu'aibu, saurayin da take so, yaron kirki ne, amma ubansa direban babbar mota ne da ya ƙetaro iyaka ya zauna a unguwar Kirkissoye, ba wanda ya san kakansa. Su kuwa Damagarawa ne da suka yi shekara da shekaru a Yamai suna aikin gwamnati, kuma ga Zubairu, aminin Abdou, ɗan gida, mai buro, wato ofis, a unguwar Plateau. Daga nan Alhaji bai ƙara cewa uffan ba. Sai gidan ya yi shiru, Inna ta kwanta, aka bar Balkissa da shirun har ya cinye ta.

Ta toshe lambar Shu'aibu a wayarta. Ta canja wurin zama a aji. In ta hango shi a ƙofar ɗakin karatu sai ta bi ta bayan gini. Ƙofa ɗaya ce ta gagare ta rufewa, ita ce shafin Madam Samira.

Madam Samira ce ke koya musu rubutun Ingilishi, kuma tana da tsarinta. Kowane ɗalibi zai ɗora rubutunsa a shafin ajin a intanet, abokin da aka haɗa shi da shi ya karanta, ya yi masa gyara a gefe, duk aji na gani. Tun farkon bara ta haɗa Balkissa da Shu'aibu, kuma Madam ba ta raba abin da ta haɗa sai an gama karatun, ko da masu shi sun daina gaisawa.

A wannan gefen shafin ne komai ya fara. Shu'aibu ya yi firamare a Sakkwato wajen kakarsa ta wajen uwa, don haka Ingilishi ya riga Faransanci shiga kunnensa. Balkissa kuwa, kamar yawancin ƴan ajin, da Faransanci take tunani, sai ta ɗauko kalma ta ɗan karkata mata hula ta ce ta zama Ingilishi. Ba wadda ke wuce shi. Ranar da ta rubuta cewa ta yi demand ɗin ruwa wajen maƙwabciya, ya rubuta mata a gefe cewa a Faransanci roƙo ne, amma a Ingilishi kamar ta je ne da sanda a hannu. Ta yi fushi, ta yi dariya, ta mayar masa da martani. Kafin damina ta wuce, gyaran ya fi rubutun tsawo.

Aikin wannan makon shi ne kowa ya yi rubutu a kan wata shawara da ya yanke a rayuwarsa. Wasu sun rubuta yadda suka zaɓi Ingilishi, wasu yadda suka bar ƙwallo. Balkissa ta zauna a bencin bayan aji ta rubuta nata a waya, ba ta tsaya ba, ba ta sake karantawa ba. Ta san wanda zai karanta. Ba za ta kira shi ba, ba za ta tare shi a hanya ba, amma tana so ko sau ɗaya ya san halin da take ciki. Sai ta rufe rubutun da jimla ɗaya: My family chose Zubairu, and I support him.

A ranta abin da ta faɗa a fili yake. Iyayena sun zaɓi Zubairu, ni kuma ina jure masa, ina haƙuri da shi. Haka kalmar take a Faransancin da ta tashi da shi.

Washegari da hantsi gyaran ya shigo. Ya sa mata waƙafi a wurare biyu. Ya gyara mata wani fi'ili. Da ya iso jimlar ƙarshe sai ya karya dokar Madam ta yin gyara da Ingilishi, ya rubuta da Hausa: "Wannan daidai take. Allah ya sanya alheri."

Ta karanta a tsaye a bakin titi, tana jiran mota. Wato ta ce masa tana cikin wuta, shi kuma ya yi mata fatan alheri. To, shi ke nan. Ta nemi hawaye ta rasa. Ta sa wayar a jaka, ta shiga faba-faba ta nufi gida.

Bayan la'asar tana tsakar gida tana tsince zogale tare da Iklima, ɗiyar kawunta da ke zaune a gidan kuma ajinsu ɗaya, sai ga sallamar Zubairu. Ba ranar zuwansa ba ce. Ko kayan buro bai cire ba, wuyan rigarsa a buɗe, kuma yau babu ƙamshin turaren da ke riga shi shigowa.

Iklima ta kanne mata ido, ta ɗauke farantin ta shige madafa tana ƙunshe dariya. Balkissa ta ɗauko masa kujera ta ajiye a gindin darbejiya, ta durƙusa.

"Ina wuni, Yaya Zubairu."

"Lafiya." Bai zauna ba. "Balkissa, na taɓa yi miki wani abu?"

"A'a."

"Na taɓa ɗaga miki murya? Na taɓa cewa sai kin bar karatu?"

"A'a, Yaya Zubairu."

"To mi ya sa za ki tsaya gaban ajinku duka ki yi mini wannan tonon silili?"

Ya miƙo mata wayarsa. Hoton shafinta ne, an zagaye jimlar ƙarshe da jan layi, an jera mata zukata a ƙasa.

"Iklima ce ta turo mini ina cikin taro," in ji shi. "Ni ban yi Ingilishi mai zurfi ba, amma wannan ko ɗan firamare ya gane ta. Je le supporte. Haƙuri kike da ni. Jure mini kike, kamar zafin watan Afrilu, kamar ɗaukewar wutar lantarki. Ni ne abin jurewa, Balkissa?"

Ta dubi wayar, ta dubi takalminsa. Zubairu mutum ne mai son a ga agogonsa, mai son a ji ya san mutane, amma ba mugu ba ne. Ba ta taɓa zaton akwai wurin da magana za ta shige shi haka ba. Ta ji ya kamata ta tausaya masa, sai dai tausayin ya ƙi tasowa.

"Ka yi haƙuri," ta ce.

"Haƙuri kuma! Ke ki yi haƙuri da ni, ni in yi haƙuri da ke, auren mi ke nan?"

Ƙarar muryarsa ce ta fito da Iklima, hannunta duk ƙuli-ƙuli. Da ta ji abin da ake ciki sai ta dafe ƙirji, sannan ta fashe da dariya har ta riƙe jikin bishiya.

"Wayyo Allah, Yaya Zubairu! Faransancinka ne ya ja maka. A Ingilishi ba haka take nufi ba. Goyon baya ne! Cewa ta yi iyayenta sun zaɓe ka, ita kuma tana bayanka, ta yarda da kai ɗari bisa ɗari. Don mi kake gani na turo maka har da zukata?"

Zubairu ya yi sororo.

"Goyon baya?"

"Wallahi. Ka duba ƙamus in ba ka yarda ba. Ai ko wanda ke yi mata gyara bai taɓa wurin ba, kuma shi ba abin da ke wuce shi. Cewa ya yi daidai take, har ya sa albarka."

Zubairu ya danna wayarsa, ya karanta, ya sake karantawa. Sai ya zauna a kujerar daɓas, ya share goshi, ya fara dariyar jin kunya.

"Kai! Dubi yadda na baro taro na keto rana a kan shirme. Balkissa, ki yafe mini. Wallahi tun azahar ban iya haɗiye ko ruwa ba."

Balkissa ba ta ji shi ba. Tana nan durƙushe inda take, kunnuwanta na shuu. Goyon baya. Ta san wannan ma'anar, tun shekarar farko aka koya musu, amma da ta zo rubuta abin da ke cinta sai hannunta ya koma gida. Shu'aibu kuwa da Ingilishi yake karatu. Abin da ya gani shi ne ta tsaya gaban aji duka ta ce tana bayan Zubairu. Mutumin da ya yi shekara yana kama mata irin wannan kuskuren tun kafin ya sauka, wannan karon ya bar shi ya wuce, don bai ɗauke shi kuskure ba. Ya yarda ne kawai.

Kalma ɗaya, maza biyu, kowa ya ɗauki ɓangaren da zai soke shi.

"Ashe haka kike nufi," in ji Zubairu, yana murmushi yana leƙen fuskarta. "Ashe har kina faɗa wa mutane. Ni da nake cewa yarinyar nan ba ta sake da ni ba."

Abin da ya rage mata kawai shi ne ta sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. Iklima ta riga ta share mata hanya. Inna za ta ci gaba da tafiya da ƙafafunta, Yaya Abdou zai ci gaba da sayo kilishi, ba wanda zai taɓa sani. Ta ga hanyar sarai, a miƙe take, ba ko tsakuwa. Amma bakinta ya buɗe da kansa, muryar ta fito ba hawa ba sauka, kamar mai karanta darasi.

"A'a, Yaya Zubairu. Kai ne ka karanta daidai."

Dariyar Iklima ta yanke.

"Balki, mi kike faɗi haka?"

"Kuskure na yi. Abin da ya fahimta shi nake nufi."

"Ke, rufe bakinki! Yaya Zubairu, kar ka biye mata, kwana biyun nan ba ta da lafiya, jarrabawa ce ta..."

"Bar ta, Iklima." Zubairu ya ɗaga hannu. Murmushin bai gama barin fuskarsa ba, ya tsaya a rabi. "Balkissa, dube ni. Na ba ki dama ki gyara. Ki ce wasa kike, in tashi in tafi, in manta."

"Ba wasa nake ba."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Ranar da na kawo Hajiyata ta gan ki, kika kawo mata ruwan bisap kina murmushi?"

"Haƙuri nake."

"Ranar da muka je duba gidan da zan kama?"

"Haƙuri nake, Yaya Zubairu. Ba ka yi mini komai ba. Kuma da ba ka tambaye ni ba, da haka zan yi ta yi har in mutu, ba za ka taɓa rasa abincinka ba, ba za ka taɓa jin na ɗaga maka murya ba. Amma ka tambaye ni."

Iklima ta zauna a ƙasa ta fara kuka, tana cewa ita ta jawo, da ta sani da ba ta tura hoton ba. Kukan ne ya fito da Inna Ramatou daga ɗaki da carbi a hannu. Ba sai an yi mata dogon bayani ba, fuskar Zubairu ta ishe ta.

"Balkissa," ta ce a hankali, "kashe ni kike so ki yi?"

"A'a, Inna."

"To mi na yi miki? Wa ya matsa miki? Ba da bakinki kika je kika faɗa wa babanku ba? An gaya wa dangi har Damagaram, ƴan uwana sun fara yanke anko. Da wane ido zan dube su?" Hawaye suka zubo mata, ta kama hannun ɗiyarta ta jijjiga. "Yi magana mana! Ko kuka ki yi in san mutum na haifa!"

"Inna, na nemi kukan, ba ya zuwa."

"Saboda ɗan direban nan ne ko? Wanda ko sau ɗaya bai ƙara tako ƙofar gidan nan ba?"

"Ni na hana shi."

"Zubairu, ɗana, ka rufa mini asiri. Yarinta ce. Mu ma duk da haƙuri muka fara, ga shi har mun tsufa. Ka bar ni da ita zuwa gobe."

Zubairu ya miƙe. Ya ɓalle agogonsa, ya sake ɗaure shi, kamar bai san abin da hannunsa ke yi ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Inna, da a ce ƙina take yi, da na tsaya na yi ta lallashi har ta sauko. Ƙiyayya tana juyawa. Amma a ce kullum in na shigo gidana akwai mai cije haƙori tana yi mini sannu da zuwa?" Ya girgiza kai. "Ba zan iya ba. Baba yana ciki?"

"Zubairu, don Allah..."

"Gara ya ji daga bakina kafin ya ji a waje."

Ya cire takalmi a ƙofar falon Alhaji, ya yi sallama, aka amsa, labule ya rufe a bayansa. Inna ta bi bango ta zauna a dokin ƙofarta, ta rufe fuska da mayafi. Iklima ta rarrafa wajenta suka haɗa kai suna kuka.

Balkissa ta tashi. Gwiwoyinta sun yi shatar ƙasa, ba ta kakkaɓe ba. Ta wuce su ta zagaya bayan madafa, inda tulunan ruwa suke, ta fito da wayarta. Ta buɗe lambar da ta toshe. Abu ɗaya take so ta faɗa masa, da Hausa, yadda ba ƙamus ɗin da zai shiga tsakani. Bayan wannan duk abin da Alhaji zai yi ya yi.

Wayar ta yi ta ƙara har ta kusa tsinkewa, sannan aka ɗauka. Muryar mace ce, ga hayaniyar mata da ƙarar turmi a bayanta.

"Alo? Anti Balki?"

Hawwa ce, ƙanwar Shu'aibu, wadda ta sha kawo mata saƙonsa a da.

"Hawwa, ina yayanki?"

"Ya fita. Ya bar wayar a caji." Sai ta ƙara da cewa, "Anti Balki, ke ce da gaske? Ai cewa ya yi ba za ki ƙara kira ba."

"Ina ya tafi?"

"Ban sani ba. Tun da su Baba suka fita shi ma ya fita, ko abinci bai ci ba."

"Su Baba ina suka je?"

Aka ji Hawwa ta matsa daga cikin hayaniyar, ta rage murya.

"Ba ki ji ba? Baba ya daɗe yana yi masa maganar Jamila, ɗiyar amininsa tela, shi kuma yana cewa a dakata, ke ba da son ranki kika bar shi ba, yana da tabbas. Har faɗa suka yi. To yau da safe ya duba wayarsa, ya daɗe zaune, sai ya tashi ya je ya samu Baba ya ce ya ga amsarki da idonsa, a je kawai. Baba ko bai tsaya ba, kar ya canja. Ana sallame la'asar suka ɗauki goro shi da su kawu." Muryarta ta karye. "Anti Balki, mi kika rubuta masa?"

Balkissa ta tsaya tana kallon wani ƙudan zuma da ke zagaya bakin tulu. Daga falon Alhaji muryar Zubairu ta ɗauke. Sai aka ji tarin Alhaji, irin wanda yake yi kafin ya yi kira.

"Alo? Kina jina? In ya dawo in ce masa mi?"

Hausa, Zabarmanci, Faransanci, Ingilishi, duk tana ji. Ta laluba su ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu abin da za ta ba yarinyar ta riƙe masa ba.

"Balkissa!" Muryar Alhaji ta ratsa tsakar gidan. "Zo nan."

"Ki ce masa an yi kuskuren lamba," ta ce, ta kashe wayar.